Babur ɗin doguwar tafiya mai jinin tsere: yadda ake raba halinsa da ciwonsa

Tambayar ita ce: "Maigida, babban babur ɗin nan da aka kawo, mai gilashi a gaba da akwati biyu a gefe, mai shi ya ce ba ya jin daɗinsa kamar da. Wai yana yi masa nauyi a kwana, kuma in ya ɗauki goyo da kaya ya murɗa totur sosai, sai bayan ya kama rawa. Na duba inji lafiya lau yake. Wane irin babur ne wannan, yaya mai lafiyarsa yake a hannu, kuma ta ina zan fara?"

To yarona, ka bar injin nan tukuna. Abin da mai shi ya gaya maka duk yana tsakanin taya da shokazoba da boris ɗin wuya da yadda ake ɗora kaya. Amma kafin ka taɓa ko noti ɗaya, sai ka san yadda mai lafiyar irin wannan babur yake, domin rabin ƙorafin da ake kawowa a kansa halinsa ne na asali, ɗaya rabin ne ciwo. Wanda bai iya raba biyun ba zai sa mutum ya sayi kayan da ba ya bukata, ya kuma bar ainihin matsalar a jiki.

An ƙera shi ne tsakanin gida biyu. Ya ɗauko ƙarfin inji da birki da iya kwana daga babur ɗin tsere, ya ɗauko gilashin tare iska da babban tanki da akwatuna da wurin goyo mai daɗi daga babur ɗin doguwar tafiya. Da yawa suna ɗaukar BMW R100RS na 1976 a matsayin kakansu, saboda shi ya fito da cikakkiyar rigar roba da aka gwada a ɗakin gwajin iska. Lambobi za su nuna maka inda ya tsaya. Babur ɗin tsere irin Yamaha R1 nauyinsa da mai kusan kilo 200 ne, tazarar da ke tsakanin tayoyinsa kuma milimita 1,400 da ɗoriya. Honda Gold Wing ya wuce kilo 350, tazararsa ta kusa milimita 1,700. Namu yana tsakani, shi ma kuma kashi biyu ne. Akwai masu sauƙi masu sarƙa, irin Kawasaki Ninja 1000SX mai cc 1,043 da tankin lita 19 da nauyin kusan kilo 235, da Honda VFR800, da Suzuki GSX-S1000GT. Akwai kuma manyan masu farfela, wato sandar ƙarfe mai juya tayar baya, maimakon sarƙa, irin Yamaha FJR1300 da ya fito a 2001, mai cc 1,298 da tankin lita 25 da nauyin kusan kilo 290 da tazarar milimita 1,545 (a samfurin 2006 zuwa gaba), da Kawasaki 1400GTR, da Honda ST1300 mai tankin lita 29. Ka fara sanin wane kashi ne a gabanka, don abin da zai zama nauyin hannu na ciwo a Ninja, a FJR lafiyarsa ke nan.

In ka hau mai lafiya, ga abin da za ka ji. Jikinka zai ɗan karkata gaba kaɗan, ƙafafu suna ƙarƙashin cinya ko sun ɗan ja baya. A tsaye da kuma a tafiyar ƙafa za ka ji nauyin zaman a wuyan hannunka, kuma babur ɗin zai riƙa neman faɗuwa gefen da ka juya kai, musamman in tanki cike yake, tunda man yana sama. Wannan ba laifi ba ne. Da ka wuce kilomita 30 a awa nauyin sai ya ɓace, da ka kai wajen 100 kuma iskar da ke bugun ƙirji ta ɗauke maka nauyin hannu, wanda shi ne dalilin da ya sa aka karkatar da zaman tun farko. A kwana kuwa, ka ɗan tura hannun dama gaba, ya kwanta dama. Ka tura na hagu, ya kwanta hagu. Yana bukatar turi fiye da ƙaramin babur, amma da zarar ya kwanta sai ya zauna a layin da ka ɗora shi, ka sassauta hannu bai miƙe ba, bai kuma ƙara faɗawa ba. Ka riƙe wannan da kyau. In sai ka ci gaba da danna hannun ciki tun daga shiga kwana har fita kafin ya yarda ya zagaya, ko kuma ya ƙi kwanciya sannan ya faɗa gaba ɗaya farat ɗaya, to ciwo ne.

Injinsa an saita shi ya ja tun daga ƙasa. A giyar ƙarshe, da juyi 3,000 a minti, ka murɗa totur ya tafi sumul ba tare da ka sauko da giya ba. Mai silinda huɗu a jere yana da wata siririyar girgiza da ke shiga hannu da matakin ƙafa a tsakiyar juyi, wadda kan sa yatsu su yi sanyi bayan awa ɗaya ko biyu. Kaɗan daga cikinta hali ne. In ta yi yawa, duba ƙarafan nauyi na bakin hannu ko an cire su, da notocin da ke riƙe inji, da daidaiton iskar da silindojin ke sha. VFR800 daga 2002 yana da VTEC: a ƙasan juyi bawul biyu ke aiki a kowace silinda, in ya kai tsakanin 6,000 da 7,000, gwargwadon shekararsa, sai huɗun su buɗe, ƙara ta canja, ka ji ɗan fizga. Sabon shiga kan ɗauka wani abu ne ya lalace. BMW mai silinda biyu kwance, irin R1250RS, in ka murɗa totur a tsaye sai ya ɗan karkata gefe. Shi ma haka aka yi shi.

Yanzu mu zo ga wanda aka kawo. Taya ce farko, kuma a nan nake so ka daɗe. Yawancinsu 120/70 ZR17 ne a gaba, 180/55 ko 190/50 ZR17 a baya. Iskar da aka fi rubutawa ita ce bar 2.5 a gaba da 2.9 a baya, wato fam 36 da 42, amma wasu manyan suna son 2.9 gaba da baya, don haka ka karanta takardar da ke manne a jiki ko littafinsa. A auna da sanyin taya, kafin a hau. Taya irin wannan gefenta yana da tauri, tana iya rasa rabin bar ido bai gani ba, kuma rabin bar a gaba ya isa ya mayar da babur mai daɗi ya zama abin kokawa. Na fi son ka auna sau biyu da geji mai kyau da ka buga ta da ƙafa.

Daga nan ka tsuguna a baya ka dubi tayar daidai da idonka. Sabuwa a zagaye take tun daga gefe zuwa gefe. Babur ɗin da ke cin doguwar hanya miƙaƙƙiya da lodi, tsakiyar tayarsa ke suɗewa, ta baje, sai a sami kaifi a kowane gefen wurin da ya baje. Ka shafa da tafin hannu za ka ji shi. Wannan kaifin ne babur ke hawa duk lokacin da zai kwanta: yana turjewa kafin ya hau, yana faɗawa bayan ya haye. Shi ne kuma ke sa shi bin tsagar kwalta da fentin hanya. Zanen taya na iya nuna da saura, amma siffarta ta riga ta mutu, kuma babu saitin shokazoba da zai gyara wannan. Ta gaba kuma ka shafa ta gaba da baya, in ka ji tudu da kwari a jere, ita ke kawo kaɗawar kai. Duba lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT da ke rubuce a gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 yana nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar da ta wuce shekara biyar zuwa shida robarta ta fara bushewa ko da ba ta suɗe ba.

In canji ya kama, ka sa girman da kamfani ya rubuta. Wili mai faɗin inci 5.5 na taya 180 ne, mai inci 6 na 190. In ka cusa 190 a kan 5.5 don ta yi kyau a ido, gefenta zai matse, siffar ta lalace, kuma na'urar ABS mai hana taya ƙullewa in an kama birki, da na'urar hana sulɓi, suna lissafi ne da girman asali. Lambar 58W a jikin tayar gaba tana nufin za ta iya ɗaukar kilo 236, 73W a baya kilo 365, kada ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta. Ga masu nauyi irin FJR da GTR, kamfanonin taya suna yin wadda aka ƙarfafa cikinta, sau da yawa da alamar GT. Ita za ka nema. A sa gaba da baya iri ɗaya, a bi kibiyar juyawa, a yi balansin, a gaya wa mai shi ya bi a hankali kilomita 150 na farko.

Sai zaman shokazoba, wanda shi ne tushen rawar da ya ce yana ji da goyo. Mutum uku ake bukata da tef ɗin awo. Ɗaga baya har taya ta bar ƙasa, manna ɗan salatif a jikin wutsiya daidai saman aksul, auna daga tsakiyar aksul zuwa salatif ɗin, rubuta. Sauke shi, mai shi ya hau da kayan da yake sawa, ƙafa biyu a kan mataki, wani ya riƙe gaba. Danna wutsiya sau biyu ka sake, ka sake aunawa. Bambancin ya kamata ya faɗa tsakanin milimita 30 da 40, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na duk tafiyar shoka ko ƙasa kaɗan. Yanzu ɗora goyo da akwatuna cike ka auna karo na uku. In ba a taɓa saiti ba za ka ga ya wuce 50, wani lokaci nesa.

Ka fahimci abin da wannan ke jawowa. Baya ya zauna, gaba ya ɗaga, sandunan shokar gaba sun ƙara kwanciya, nauyin da ke danne tayar gaba ya ragu. Sakamakon shi ne kai ya yi nauyi wajen juyawa amma ya yi sakwa-sakwa a gudu, babur ya riƙa buɗewa waje a kwana, mataki da jak su riƙa gogar ƙasa, fitila ta haska idon masu zuwa. Maganin shi ne a ƙara matse sifirin har awon ya dawo wajen 35. Yawancin irin waɗannan babura suna da marfin murɗawa da hannu a gefe don wannan aikin, tsohon FJR yana da ɗan hannu mai matsayi biyu, wasu sababbin kuma maɓalli ne a kai. Abin takaici shi ne masu su da yawa ba su taɓa murɗa shi ba tun ranar saye. Ka sani matse sifirin ba ya ƙara masa tauri, tsayin zama kawai yake dawowa da shi. In ka ƙure matsewa bai kai awo ba, ko kuma babur ba kowa a kansa ya daina nutsewa ko da milimita 5, to sifirin ɗin ya yi wa wannan lodi laushi, sai a canja shi.

Bayan sifirin akwai mai a cikin shoka wanda ke hana shi tsalle. Danna wutsiya da ƙarfi ka saki. Ya taso cikin kamar daƙiƙa ɗaya ya tsaya cak. In ya taso da sauri ya wuce ya dawo yana lilo, dawowar ta yi sako-sako. In ya taso a kasalance, an matse ta da yawa, kuma a hanya mai gargada zai riƙa nutsewa yana tauri. Kafin ka taɓa dunƙulen da ke saita dawowar, murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya kana ƙirga ƙas-ƙas ɗin, rubuta adadin, mayar da shi, kada ka ƙure shi da ƙarfi don allurar ciki tana lalacewa. Canja biyu-biyu, abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka gwada. In ka murɗa daga farko zuwa ƙarshe ba ka ji bambanci ba, ko ka ga danshin mai a sandar, shokar ta gama aiki. A gaba kuma, ɗaura siririyar igiyar roba mai zargewa a jikin sandar shoka, ka hau ka kama birki sosai sau biyu ko uku a wuri mai fili. Inda igiyar ta tsaya zai nuna maka iyakar nutsewa. Ya kamata a bar kamar milimita 10 zuwa 15 ba a ci ba. Man da ke yoyo daga sil ɗin gaba kuwa kan gangara zuwa takalmin birki, don haka ba a ɗaga masa ƙafa.

Rawa iri biyu ce, ka tambayi mai shi da kyau wacce yake nufi. Ɗaya kai ne kaɗai ke kaɗawa da sauri hagu da dama, galibi tsakanin kilomita 60 da 80 a awa in an saki totur an sassauta hannu. Wannan ka nemi tayar gaba da balansin da boris ɗin wuya. Ɗayar kuma jikin babur ne gaba ɗaya ke lanƙwasa a hankali kamar tafiyar maciji, tana zuwa a babban gudu, tana ƙaruwa da ƙarin gudu. Wannan daga baya take, wato tayar da ta baje, ƙarancin iska, shokar da ta mutu, boris ɗin hannun da ke riƙe tayar baya, da kayan da aka tara bayan aksul. Ita ce mai hatsari. Wanda ta kama shi ya sassauta riƙo, ya kwanto gaba, ya rage totur sannu a hankali, kada ya cafki birki. Kai kuma ban yarda ka je neman ta da gudu a hanyar jama'a ba. Da awo a tsaye ake kama ta.

Boris ɗin wuya gwajinsa minti biyu ne. Kafa babur a jak ɗin tsakiya, wani ya danne baya tayar gaba ta tashi. Juya kai a hankali da yatsa ɗaya daga gefe zuwa gefe. In ka ji ya ɗan maƙale a tsakiya, ƙwallayen sun yi rami a mazauninsu, matsewa ba za ta gyara ba, canji ne. Sannan kama ƙasan sandunan ka ja gaba da baya, in akwai ƙwas-ƙwas ya yi sako. In kuma an matse shi fiye da kima, babur zai riƙa yawo a ƙaramin gudu, ka kasa riƙe shi a miƙe. Da sifana mai awo ake ɗaure shi, bisa lambar littafi. Ka kama tayar baya ma ka girgiza ta gefe da gefe.

Kaya kuma da lissafinsu. Duk abin da irin wannan babur zai ɗauka, har da direba da goyo, wajen kilo 200 ne. Manyan mutum biyu da kayan jikinsu sun kusa cinye shi. Kowane akwatin gefe yana da iyaka a rubuce a cikinsa, galibi kilo 5 zuwa 10, wasu kamfanonin har iyakar gudu suke rubutawa. Mai nauyi a ƙasa kuma ta gaba, gefe biyu daidai. Akwatin saman wutsiya shi ne babban mai laifi: yana sama, yana bayan aksul, iska kuma tana kama shi, musamman in ba goyo a tsakaninsa da bayan direba. Rigar ruwa da safar hannu ne kayansa. In ka buɗe ka tarar da kayan ƙarfe a ciki, ka sami rabin amsar tambayarka.

Sarƙa tana shiga maganar shoka fiye da yadda ake zato. Sakinta galibi milimita 20 zuwa 35 ne, a auna a wurin da ta fi tsauri bayan an juya taya zagaye guda. In ta yi tsauri, lokacin da baya ya nutse da lodi sai ta ɗaure, ta hana shoka aiki, ta ci boris ɗin giya. Kada a wanke sarƙa mai zoben roba da fetur, a shafa mata mai duk kilomita 500 zuwa 1,000 da kuma bayan ruwan sama. Mai farfela ya huta da wannan, amma akwatin haƙoran baya yana shan man giya, a FJR kamar mililita 200. Dubi maganaɗisun notin zubarwa: laushin toka-toka ba komai, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa haƙora ne ke ci. Duk lokacin da ka cire tayar baya ka shafa giris mai moli (sinadarin molybdenum) a haƙoran haɗin. Fizgar da ake ji in an saki totur an sake murɗawa, sau da yawa robobin cikin wilin baya ne suka saki.

Birki ba sai na ja ba, illa abu biyu. FJR1300 daga 2006 da VFR800 na 1998 zuwa 2013 birkinsu haɗe yake, in ka taka na baya wani ɓangare na gaba ma yana kamawa. Saboda haka cire iska daga layin yana da jeri nasa a littafi, in ka tsallake mataki ɗaya fedar baya za ta zauna lakwaf. Man DOT 4, a canja duk shekara biyu, don yana shan danshi, kuma a doguwar gangara da lodi mai danshi tafasa yake yi, hannu ya shige ba kamu.

Ƙorafi biyu kuma hali ne tsantsa. Na farko zafin da ke bugun cinya a cunkoso: babban inji ne a lulluɓe da roba, fanka ba ta tashi sai ruwa ya kai wajen digiri 100. Ka tabbatar tana tashi, lagireto ba toshe yake da laka da ƙwari ba, soson da ke tare zafi a cikin robobi kuma yana nan, don masu gyara kan jefar da shi. Na biyu bugun iska a hular kwano. Iskar da ta haye gilashi tana karyewa ta zama guguwa, in layin karyewar ya faɗo daidai kan mutum sai ya ji kansa na girgiza da ƙara a kunne. Ya danganta da tsawon mutum. Sau da yawa saukar da gilashin ke gyarawa, ba ɗaga shi ba, don kai ya koma cikin iska mai santsi. A gwada kowane matsayi kafin a sayi wani.

In an ƙara fitilu da hannu mai ɗumi da cajar waya, auna batir: 12.6 zuwa 12.8 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 da inji a juyi 4,000 zuwa 5,000 kuma komai a kunne. In bai kai ba, buɗe soket ɗin wayoyi uku da ke zuwa daga kwayil zuwa raktifaya, ka ga ko ya yi baƙi ko ya narke.

Wajen cire robobin jiki, samo kwali ka zana siffar kowace roba, ka soke kowane noti a inda ya fito, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana fasa roba ko ya huda abin da ke baya. Ƙananan maɓallan roba ana danna tsakiyarsu ciki kafin a zare. In roba ta ƙi fita akwai harshen da bai saku ba, zamar da ita gaba ko baya, kada ka fizga.

Wannan da ke gabanmu, fara da gejin iska, sannan tafin hannu a kan tayar baya, sannan ka ɗaga gaba ka ji wuya. In mai shi ya dawo ka ce ya zo da wanda yake goyawa da kayan da ya saba ɗauka, mu auna zama da su. Rubuta masa a takarda adadin murɗin shi kaɗai da na goyo da kaya, ka manna a cikin murfin akwati, ka sa ya murɗa da hannunsa a gabanka har ya iya.